Rigimar Masoya Jita: Daga Kwalin Torres Zuwa Kanyar Kamaru

Wani hunturu da ya wuce, a ɗakin wani abokina a Damagaram, na ga dattijo ya ƙi kaɗa jita saboda bayanta. Jitar ta zo ne cikin kayan gwanjo daga Turai. Fuskarta katako ce, amma bayanta baƙin ƙoƙo ne mai tauri, zagayayye, sai ka ce akushi aka kife. Dattijon, wanda ya daɗe yana kiɗan biki, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayan da ɗan yatsa, ya miƙa wa mai ita ya ce, "Ɗana, ai wannan bahon wanka ne aka yi wa wuya." Aka tuntsire da dariya. Mai jitar ya ce, "Baba, ku dai taɓa ku ji." Ya ce shi ba sai ya ji ba, ido ya riga ya gaya masa.

A kusurwar ɗakin kuwa tawa jitar ce jingine, ta katako zalla, irin wadda dattijon ke yabo. Busasshiyar iskar wannan shekarar ta tsaga mata fuska, tsaga mai tsawon taƙi guda. Bahon wankan kuwa ko gezau. Tun ranar nake bin diddigin wannan gardama, sai na tarar ta girme mu duka. Masu cewa a bar jita yadda aka gada da masu cewa a sabunta ta sun kusa shekara 200 suna ja-in-ja, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kayan da ake rigima a kansu ke sauya ɓangare. Abin da uba ya kira bidi'a, shi ɗa ke rantsuwa da shi cewa gado ne.

Kafin mu shiga tarihin, sai mai karatu ya san inda muryar jita take. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da amo. Girgizarta ce ke sauka kan fuskar jita, wato siririn allon nan mai rami a tsakiya, fuskar kuma ta motsa iska. Kaurin allon bai wuce milimita 3 ba, ga shi tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan sa da nauyin da ya kai kilo 70. Don kada ya karye, ana manna masa siraran itatuwa ta ciki, kamar yadda magini ke jera azara a rufin soro. Idan azarar ta yi yawa, fuska ta daskare, murya ta mutu. Idan ta yi kaɗan, murya ta yi daɗi amma fuska ta kumbura ta lalace. Yawancin rigimar da za mu gani, a kan wannan azarar da ba a ko ganinta ake yi, sai kuma a kan icen da ake yin ƙoƙon da shi.

Mutumin da ake ɗauka uban jitar gargajiya ta Sifen shi ne Antonio de Torres, wanda aka haifa a yankin Almeriya a 1817, ya rasu a 1892. Kafinta ne tun asali. Jitocin da ya tarar ƙanana ne, masu siririn ƙugu da ƙaramar murya, na ɗakin hira. Shi ya faɗaɗa ƙoƙon, ya rage kaurin fuska, ya jera azara bakwai a buɗe kamar mafici. A 1862 ya yi wani abu da har gobe ake ba da labarinsa: ya haɗa jita mai fuskar katako mai kyau, amma baya da gefuna ya yi su da kwali. Nufinsa ya nuna cewa fuska ce ke magana, sauran jiki akwati ne kawai. Jitar nan tana nan a gidan adana kayan kiɗa na Basalona. Ka lura, mai karatu: mutumin da masu ra'ayin riƙau suka mayar alƙibla, shi da kansa ya yi jita da abin da ba ice ba.

Ƙirar Torres ta zama doka bayan da manyan makaɗa suka ɗauke ta. Francisco Tárrega da ita ya yi kiɗa. Hermann Hauser na birnin Munich ya bi wannan tsarin na Sifen ya ƙera wa Andrés Segovia jitarsa ta 1937, wadda yanzu ke gidan tarihi na Metropolitan a New York. Daga nan duk wanda ya kauce wa azarar mafici sai ya kawo hujja.

A ɗaya ɓangaren, wato jita mai tsirkiyar ƙarfe, irin wadda aka fi gani a hannun samarinmu daga Agadas har Kumasi, tarihin ya fara ne da rigimar ƴan sana'a. A garin Markneukirchen na Jamus, ƙungiyar masu ƙera goge irin na Turawa ta kai ƙarar kafintoci wajen hukuma, tana neman a hana su yin jita, a kan cewa masu haɗa akwati da kujera ba su cancanci taɓa kayan kiɗa ba. Cikin kafintocin nan akwai gidan su Christian Frederick Martin. Hukuma ba ta hana su ba, amma shi ya gaji, ya tashi zuwa New York a 1833, daga baya ya zauna a garin Nazareth na jihar Pennsylvania, inda kamfanin Martin yake har yau. Wanda aka ce bai isa ya yi jita ba, sunansa ne yanzu ake auna sauran jitoci da shi.

A shekarun 1840 Martin ya riƙa giciye manyan azara biyu a ƙarƙashin fuska, kamar harafin X. A lokacin tsirkiyar hanjin dabba ake amfani da ita, wadda ba ta da ja sosai. Sai bayan shekaru kusan 80, da mutane suka koma tsirkiyar ƙarfe don neman ƙara, aka gane giciyen nan ya fi kowane tsari jure nauyi. Kamfanin ma bai yi gaggawar karɓar ƙarfen ba, sai a shekarun 1920 ya miƙa wuya, don tsofaffin abokan cinikinsa suna ganin tsirkiyar ƙarfe kayan hayaniya ce ta ƴan ƙauye.

Haka labarin babbar jitar nan mai faɗin kafaɗa da ake kira Dreadnought, wadda in aka ce wa yaro ya zana jita, ita zai zana. An fara yin ta a 1916 domin wani kantin kayan kiɗa mai suna Oliver Ditson, aka raɗa mata sunan wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi na Ingila na 1906. Ba ta yi kasuwa ba. Masu kiɗan wancan zamani sun saba da ƙananan jitoci masu daidaitacciyar murya, wannan kuwa sun ga ta yi ƙiba, kaurin muryarta ya danne zaƙin. Sai a 1931 Martin ya fito da ita da sunansa, a 1934 kuma ya gajarta kafaɗarta don wuyan ya ƙara fitowa, dabarar da wani mai kiɗan banjo, Perry Bechtel, ya roƙa a yi masa a wata jitar tun 1929. Abin da ya cece ta shi ne rediyo da mawaƙan karkarar Amurka, waɗanda ke buƙatar jitar da za a ji ta cikin goge da banjo. Mafi tsada a cikin jerin, D-45, guda 91 kacal aka yi tsakanin 1933 da 1942. Yau kowace ɗaya tana iya sayen gida.

Amma kada a ɗauka kullum masu riƙau ne ke kuskure. Akwai lokacin da gaskiya ke wurinsu, kuma sun ci nasara. A 1944 Martin ya daina fafe azararsa, wato rage mata nama a tsakiya don fuska ta sami walwala, saboda makaɗa suna sa tsirkiyoyi masu kauri, fuskoki suna kumbura, ana ta dawo da jitoci gyara. Ba da daɗewa ba aka daina ƙawata gefe da adon nan mai kama da ƙayar kifi. A 1969 aka bar icen roswud na Brazil aka koma na Indiya, a ƙarshen shekarun 1960 ɗin kuma aka ƙara nauyin katakon da ke ƙarƙashin inda tsirkiya ke ɗaure. Kowane sauyi yana da dalilinsa a littafin akanta. Makaɗa dai suka ce sababbin ba su kai tsofaffin ba, suka shiga farautar na kafin yaƙin duniya a shagunan jingina, farashinsu ya yi ta hawa. Kamfanin ya ƙera jita sama da 22,000 a 1971. A 1982 abin ya faɗi zuwa 3,000 da ƴan kai. Dalilan faɗuwar suna da yawa, ciki har da yajin aiki da sauyin kiɗan da matasa ke so, amma tun 1976 kamfanin ya riga ya amsa laifi a aikace: ya fito da HD-28, wadda ba komai ba ce illa komawa ga fafaffiyar azara da adon ƙayar kifi. Tun daga lokacin, sayar da "irin ta da" ya zama babban reshe na kasuwar. Wannan gidan ne kuma ya ƙi sa ƙarfen daidaita wuya mai juyawa sai 1985, alhali Gibson ya yi rajistar dabarar tun farkon shekarun 1920. Riƙau ɗin ya cece su a wuri ɗaya, ya wahalar da masu gyara a wani wurin har shekara 60.

Roba ta shigo rigimar ta ƙofa biyu, ta ci ɗaya ta faɗi ɗaya. Mario Maccaferri, ɗan Italiya wanda ya tsara wa kamfanin Selmer na Faransa jitar da Django Reinhardt ya shahara da ita, ya koma Amurka ya yi arziki da roba. Ƙananan jitocin wasa na ukulele da ya yi sun sayu miliyoyi. A 1953 ya fito da cikakkiyar jita ta roba, ya zuba mata kuɗi da basira. Makaɗa suka ɗauke ta abin wasan yara, tarinta ya yi shekaru a sito. Ɗaya ƙofar kuwa tsirkiya ce. A lokacin yaƙin duniya na biyu hanji ya yi wuyar samu, Segovia ya rasa tsirkiya mai kyau, sai Albert Augustine ya sarrafa masa zaren nailan na kamfanin DuPont. Kafin ƙarshen shekarun 1940 nailan ya shiga kasuwa, bai daɗe ba ya kori hanji. Ba a yi wani dogon bore ba, domin Segovia ne ya sa albarka. Mu ma nan mun san irin wannan: zaren kamun kifi ya hau molo da gurmi, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos kuma ba wanda ya raina shi don asalin ƙoƙon irinsa gwangwanin kifi ne. In hannun da ya riƙe abu babba ne, ba a tambayar da me aka yi shi.

Yanzu sai bahon wankan dattijonmu. Sunanta Ovation, mai ita kuma Charles Kaman, injiniyan jirage masu saukar ungulu wanda ya kafa kamfaninsa a 1945, kuma gwanin jita ne tun yana saurayi. An ce wuyan jitarsa ta Martin ne ya lanƙwashe, ya kai ta Nazareth gyara, ya ga har lokacin da guduma da gam ake aiki, ya nemi sayen kamfanin aka ƙi. Sai ya koma ya sa injiniyoyinsa, waɗanda aikinsu shi ne hana farfelar jirgi girgiza, su juya iliminsu su nemo yadda za a sa akwati ya yi girgiza mai kyau. Suka yanke cewa baya mai zagaye, marar kusurwa, marar azara, ya fi turo sauti gaba, suka yi shi da zaren gilas da ƙaro. Ta fito a 1966.

Masoya katako suka yi mata ca. Suka ce kwanon miya ce, suka ce muryarta siririya ce ba ta da zurfi, suka ce tana zamewa daga cinya in ka zauna, in kuma kana da tumbi to ku biyu ba za ku daidaita ba. Maganar zamewar gaskiya ce, ni ma na gwada. Amma a 1969 Glen Campbell ya fara shirinsa na mako-mako a talabijin ɗin Amurka riƙe da ita, sannan kamfanin ya sa mata na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya, ta yadda za a jona ta da lasifika ba tare da kukan nan mai huda kunne ba. Wannan ita ce matsalar da ta addabi duk mai kaɗa jitar katako a babban fili. Cikin shekarun 1970 sai ta cika dandamali. Masu zaginta a gida su ne ke ɗaukarta in za su hau mumbarin wasa. Daga baya ta zo da Adamas, mai fuskar zaren kabon da ƙananan ramuka a kafaɗa maimakon babban rami guda.

Ƙarshenta ya ba ni tausayi. Sauran kamfanoni, musamman na Japan irin su Takamine, suka koyi sa na'urar cikin jitar katako mai siffar da ido ya saba da ita. Da mutane suka sami amfanin ba tare da ƙoƙon ba, sai suka watsar da ƙoƙon. Fender ya sayi kamfanin, a 2014 ya rufe masana'antarsa ta New Hartford, kodayake sunan ya ci gaba a hannun wasu. Abin da Kaman ya kawo ya zauna daram, yau da wuya ka shiga shago ba ka ga jitar katako mai ramin jona waya ba. Siffar ce kawai aka ƙi yafe masa.

Masu sabuntawa na baya sun koyi darasi, suka riƙa ɓoye sabon abu a ciki. Greg Smallman na Ostareliya ya yi fuska siririya ƙwarai, ya tallafe ta da saƙar ice marar nauyi da zaren kabon, kamar ragar kaji. Daga waje jitar Sifen ce sak. John Williams ya ɗauke ta tun shekarun 1980, har yau kuma masoya kiɗan sun rabu biyu: wasu na cewa tana cika zaure ba lasifika, wasu na cewa ƙara ce kawai, tana magana ta hanci, ta rasa launukan muryar Torres. Kamfanin Taylor na Kalifoniya, wanda Bob Taylor da Kurt Listug suka kafa a 1974, ya ɗaure wuya da kusoshi masu juyawa maimakon gam, ya sa injin mai kwamfuta yana yanka katako. Aka ce jitocinsa ba su da rai. Masu gyara kuwa suka yi murna, don aikin da kan ci kwanaki ana turara gam da tururi ya koma na ɗan lokaci kaɗan. A 2018 kamfanin ya taɓa abin da ba a taɓawa, ya sauya giciyen X da azara mai siffar V, ƙirar Andy Powers. Gardamar da ta biyo baya irin ta 1916 ce da ta 1966, kalmomin ma kusan ɗaya: kaurin murya ya ragu, talla ce kawai, abin da bai lalace ba me ya kai ka gyara shi.

A wannan shekarar ta 2018 aka buga wani bincike da masana a Ingila suka yi. Maƙeri guda ya yi jitoci shida iri ɗaya, bambancinsu kawai icen baya da gefe, daga roswud na Brazil mai ɗan karen tsada har zuwa masu araha. Aka ba makaɗa 52 su kaɗa cikin ɗaki mai duhu, idanunsu a rufe da tabarau. Makin da suka ba jitocin kusan ɗaya ne, kuma da kyar suke iya bambance su. Abin da Torres ya faɗa da kwali ke nan shekara 156 kafin nan. Ban ce wannan ya kashe magana ba. Mai kiɗa ba a duhu yake kiɗa ba, kuma wanda ya yi imani da jitarsa ya fi sakin hannu a kanta. Amma ya kamata mai cewa kunnensa ne ke hukunci ya yarda cewa ido na raɗa masa amsa.

Abin da zai yanke rigimar, a ganina, daji ne. Tun 1992 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin sabon roswud na Brazil tsakanin ƙasashe. A farkon 2017 aka sa wa sauran danginsa takunkumi, lokaci guda da madobiyarmu ta Afirka ta Yamma, har sai ƙarshen 2019 aka sassauta wa kayan kiɗa. Mahogani, wanda dangin maɗaci ne, shi ma yana ƙarƙashin sa ido. A nan ne labarin ya iso maƙwabtanmu. Baƙin allon da ke kan wuyan jita mai tsada, inda yatsu ke danna tsirkiya, icen eboni ne, ɗan uwan kanya, kuma Kamaru na cikin wuraren da suka rage ana samunsa ta halal. A 2011 Taylor da wani kamfanin Sifen mai suna Madinter suka sayi injin yankan katako na Crelicam a Yawunde. Bob Taylor ya ba da labarin abin da masu sara suka gaya masa: ba a sanin launin cikin itace sai an kayar da shi, kuma tun da masu saye baƙi wuluk kawai suke biya da daraja, sai a kayar da kusan goma kafin a sami ɗaya, sauran masu ratsin fari da ruwan ƙasa a bar su a daji su ruɓe. Itatuwa ne masu ɗaukar shekaru aru-aru kafin su girma, ana zubar da tara don idon mai saye a Turai da Amurka ya saba da baƙi.

A 2012 ya sanar cewa zai biya mai ratsi kuɗi ɗaya da baƙi, kuma zai sa shi a jitocinsa har masu tsada. An yi gunaguni, wasu suka ce an sayar musu da na biyu a farashin na ɗaya. Ba wanda ya iya cewa muryar ta sauya, don ratsi launi ne kawai. Cikin ƴan shekaru sai ga masu saye suna zaɓen mai ratsin da kansu, suna ɗora hotonsa suna alfahari cewa tasu ba ta da irinta. Daga 2016 kuma aka fara dashen eboni tare da ƙauyukan da ke gefen gandun dajin Dja, bishiyoyin da ba wanda ke raye yau da zai ga an yi jita da su.

Tawa jitar dai na kai ta wurin wani kafinta, ya cika tsagar da gam, ya manna mata ƴan ƙananan katako ta ciki. Yanzu da zarar iska ta juyo daga gabas sai in sa jiƙaƙƙen soso cikin gwangwani mai huji in ajiye a jakarta, in riƙa duba shi kamar mai jinya. Abokina kuwa tasa na rataye a ƙusa, ƙura ta lulluɓe ta, in ya ga dama ya kaɗe ya kaɗa. Dattijon ya sake zuwa bayan salla. Tawa ya ɗauka, mai tabo, ya ɗaure tsirkiya ya yi kusan awa guda yana kiɗa, ɗayar ko kallonta bai yi ba. Da zai tafi wani biki a ƙauye, inda za a kwana a fili da janareto da lasifika, sai ya aiko jikansa ya aro masa bahon wankan.